Habari ko Insha'i? Sharhi a kan Shigar da Ma'aurata Masu Jinsi Ɗaya cikin Ƙidayar Jama'a a Ƙasashen Yamma

Tsakure

Tun daga shekarar 1990 wasu ƙasashen Yamma suka fara shigar da mutum biyu masu jinsi ɗaya, waɗanda ke zaune gida guda a matsayin abokan zama ko ma'aurata, cikin ƙidayar jama'a. Wannan maƙala ta bibiyi yadda hakan ya gudana a Amurka da Kanada da Ingila, ta auna ingancin alƙaluman da aka fitar, sannan ta ɗora aikin a kan ma'aunin da malaman balaga da usulu suka sani, wato bambancin habari da insha'i. Ta kai ga cewa ƙidaya ba ta halatta aure kuma ba ta haramta shi, sai dai sunayen da take raɗa wa dangantaka suna bin dokar ƙasa ne sau da ƙafa, don haka ba a karanta alƙalumanta sai da lura.

1.0 Gabatarwa

A cikin takardar ƙidaya akwai tambaya guda wadda mai cikewa ba ya tsayawa a kanta, alhali a kanta aka gina duk abin da hukuma za ta faɗa game da iyali. Ita ce tambayar dangantaka: mene ne wannan mutum a wurin maigida? Matarsa ce, ko ɗansa, ko ɗan'uwansa, ko ɗan haya? A Amurka an fara yin wannan tambaya a ƙidayar 1880. Daga amsoshinta ake fitar da yawan ma'aurata, da yawan yaran da ke zaune tare da iyaye biyu, da yawan gidajen da mace ke riƙe da su ita kaɗai.

Hukuncin Shari'a a kan asalin lamarin a fili yake. Mazhabobin fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa aure ba ya ƙulluwa sai tsakanin namiji da mace, kuma maƙalar ba ta zo don sake buɗe wannan babi ba. Abin da ta sa a gaba shi ne aikin ƙidayar kansa, domin ya shafi Musulmi ta fuskoki uku. Miliyoyin Musulmi suna zaune a waɗannan ƙasashe suna cike takardun. A Ingila da Wales kaɗai ƙidayar 2021 ta sami Musulmi miliyan 3.9. Wasu daga cikinsu kan yi aikin jami'an ƙidaya. Sannan ɗalibai da masu wa'azi a ko'ina suna ɗauko alƙaluman suna kafa hujja da su, sau da yawa ba tare da sanin yadda aka same su ba. Malamai kuwa sun daɗe da cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci surarsa.

2.0 Ƙidaya huɗu, amsa huɗu: darasin Amurka

A ƙidayar 1990 Hukumar Ƙidaya ta Amurka ta ƙara sabon gurbi a tambayar dangantaka, wato abokin zama wanda ba a ɗaura aure da shi ba. Ta wannan gurbi aka sami gidaje kimanin 145,000 na masu jinsi ɗaya. Amma akwai waɗanda suka tsallake shi suka rubuta cewa mutumin miji ne ko mata, alhali jinsinsu ɗaya da maigida. Hukumar ta ɗauki irin wannan amsa a matsayin kuskure, ta gyara ta: ko dai ta sauya jinsin ɗaya daga cikinsu a rubuce, ko ta sauya dangantakar. Ta haka gidan da maza biyu ke ciki yake iya fitowa a alƙaluma a matsayin gidan miji da mata.

A 1996 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta taƙaita ma'anar aure, a wurin gwamnatin tarayya, ga namiji da mace. Da ƙidayar 2000 ta zo, hukumar ta daina sauya jinsi, ta koma mayar da duk irin waɗannan amsoshi zuwa gurbin abokan zama marasa aure. Adadin ya tashi zuwa 594,391. Wanda ya kalli 145,000 da 594,391 zai yi zaton abin ya ninka har sau huɗu cikin shekara goma, alhali hukumar da kanta ta yi gargaɗin kada a gwama alƙaluman biyu, domin ba hanya ɗaya aka bi wajen tace su ba.

Jihar Massachusetts ta fara ɗaura irin wannan aure a 2004, wasu jihohi suka biyo baya. Saboda haka a ƙidayar 2010 hukumar ta fitar da adadin waɗanda suka kira kansu ma'aurata daban. Bayan Kotun Ƙoli ta rushe sashen dokar 1996 da ya taƙaita ma'anar aure a 2013, ta kuma wajabta wa dukkan jihohi amincewa da shi a 2015, sai takardar 2020 ta fito da gurabe huɗu a sarari: miji ko mata na wani jinsi, abokin zama na wani jinsi, miji ko mata na jinsi ɗaya, da abokin zama na jinsi ɗaya.

Amsa guda ce mutum zai iya bayarwa a duk waɗannan ƙidayoyi, amma an rubuta ta da fuska daban-daban cikin shekara talatin. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne doka da siyasa, takarda kuwa tana biye da su.

3.0 Raunin alƙaluma

Ƙidayar 2010 ta bar darasin da ya kamata kowane mai bincike ya riƙe. Lissafin farko ya nuna gidaje 901,997 na masu jinsi ɗaya, 349,377 daga cikinsu sun ce su ma'aurata ne. Wannan ya zarce abin da rajistar aure ta jihohi za ta iya ɗauka nesa ba kusa ba. Da hukumar ta koma ta gwama sunayen mutane da jinsin da aka yi wa alama, sai ta gano cewa da yawa daga cikin gidajen na miji da mata ne, hannu ya zame wajen cike gurbin jinsi. A watan Satumba na 2011 ta fitar da gyararren adadi: gidaje 646,464, daga ciki 131,729 ne kawai na masu kiran kansu ma'aurata. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na ma'auratan farko sun zube.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. A lokacin akwai gidajen miji da mata kimanin miliyan 56 a ƙasar. Idan a cikin kowane gida dubu aka yi kuskure a gida huɗu kacal, an samar da gidaje sama da 200,000 waɗanda babu su. Duk sa'ad da ake ƙirga ƙaramin rukuni a tsakiyar babba, ɗan tuntuɓen babban ya isa ya binne ƙaramin.

Kanada ma ta gamu da irin wannan. Ta fara ƙirga abokan zama masu jinsi ɗaya a 2001, ta sami 34,200. Bayan dokar aure ta 2005 adadin ya kai 45,345 a 2006, sannan 64,575 a 2011. A wannan ƙidaya ta 2011 hukumar ƙididdigar ƙasar ta bayyana cewa mai yiwuwa an yi ƙarin da ya kai 4,500 a yawan masu aure. Daga cikin dalilan akwai mutanen da suka je ci-rani suka kama ɗaki tare, kowa yana da aurensa a garinsu, sai amsoshinsu suka sa aka ɗauka junansu suka aura.

A Ingila da Wales ƙidayar 21 ga Maris, 2021 ta wuce tambayar dangantaka, ta tambayi masu shekara 16 zuwa sama game da karkatar sha'awarsu da kuma jinsin da suke ɗaukar kansu, bisa zaɓi. A tambayar farko kashi 3.2 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 1.5, suka zaɓi wani abu ban da sha'awar ɗaya jinsin, kashi 7.5 kuma suka bar gurbin fayau. Waɗanda suka yi shiru sun ninka waɗanda ake son ƙirgawa fiye da sau biyu, kuma ba a jingina wa mai shiru magana. A tambaya ta biyu an sami mutum 262,000 da suka ce jinsinsu ya saɓa wa wanda aka rubuta musu ranar haihuwa. Sai masana, ciki har da Michael Biggs na Jami'ar Oxford, suka lura cewa adadin ya fi yawa a unguwannin Landan irin su Newham da Brent, inda baƙi suka yi yawa, kuma ya fi yawa a tsakanin waɗanda Turanci bai zauna a bakinsu ba. A watan Satumba na 2024 aka janye wa waɗannan alƙaluma matsayin ingantacciyar ƙididdigar hukuma.

Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki kiyayewar mai ruwaito ta, sun kuma nemi ɓoyayyar illa a cikinta ko da zahirinta lafiya lau. Alƙaluman ƙidaya sun cancanci irin wannan bincike. Mai son nuna cewa ɓarna ta game duniya da mai son nuna cewa jama'arsa suna da yawa, dukansu biyu sukan ɗauki babban adadi su bar gyararren, domin shi ya fi yi musu daɗi. Amanar ilimi ba ta yarda da haka ba ga kowane ɓangare.

4.0 Habari da insha'i

Malaman balaga sun kasa magana gida biyu. Habari shi ne zancen da za a iya cewa gaskiya ne ko ƙarya, domin yana ba da labarin abin da yake akwai. Insha'i kuwa shi ne zancen da ke samar da abu a lokacin furta shi, kamar umarni, ko sigar ciniki, ko sigar ɗaurin aure. Waliyyin da ya ce ya aurar, ƙulla aure yake yi da furucinsa. Maƙwabcin da ya ce wane ya yi aure, labari kawai ya bayar.

Asalin ƙidaya habari ce. Jami'in da ya rubuta abin da mutanen gida suka faɗa masa bai ɗaura wa kowa aure ba, kamar yadda wanda ya rubuta addinin mutum a takarda bai gaskata wannan addini ba. Rubuta jama'a yana da asali a Musulunci. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Shugaba ba ya iya tsara makaranta da asibiti da rabon dukiya ga jama'ar da bai san surarta ba.

Da wannan ma'auni, abin da aka yi a Amurka a 1990 ba shi da madafa. Sauya jinsin mutum a rubuce don takarda ta dace da abin da ake so, ƙarya ce a cikin habari. Bai hana kowa abin da yake yi ba, ya dai ɓata sanin hukuma da na masu bincike. Wanda yake ƙin wani abu bisa addininsa ya fi kowa bukatar sanin haƙiƙanin girmansa, kuma rufe ido ba ya hana rana fitowa.

Sai dai masu cewa ƙidaya madubi ce zalla, ba ta da ra'ayi, su ma sun faɗi rabin gaskiya. Madubi ba ya zaɓen abin da zai nuna, takardar ƙidaya kuwa zaɓe take yi: wasu mutane ne ke zama su tsara gurabenta, su raɗa musu suna, su jera su. Diwanin da Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya kafa wajen shekara ta 20 bayan Hijira shaida ne a kan haka. Ya fara da dangin Annabi (SAW), ya fifita mutanen Badar, ya jera sauran bisa rigaye a Musulunci. Rajista ce ta albashi, amma jerinta yana faɗin abin da al'ummar take girmamawa. Haka nan idan hukuma ta buga kalmar miji ko mata a gefen kalmar jinsi ɗaya, ta aika wa kowane gida a ƙasa, ta koyar da wata ma'ana ta aure ko da ba ta yi niyyar wa'azi ba. Habari ne da ya ɗauko wani kaso na ƙarfin insha'i.

Masu fafutuka sun san haka sarai. A watan Agusta na 2024 gwamnatin Anthony Albanese ta Ostireliya ta ce ba za ta saka sababbin tambayoyi a kan sha'awa da jinsi a ƙidayar 2026 ba. Ƙorafi ya yi yawa, cikin 'yan makonni ta janye matsayinta. Gardamar ba ta tsaya a kan tsara ayyukan gwamnati ba, har da neman a san da mutum a hukumance. Musulmin Birtaniya ma sun bi wannan hanya lokacin da ƙungiyoyinsu suka matsa har aka saka tambayar addini a ƙidayar 2001. Wanda ya nemi a ƙirga shi don a san da shi, ba zai ce ƙirgawa ba ta ɗauke da ma'ana ba.

5.0 Wanda takarda ba ta gani

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa takardar doka take bi tana cikin abin da ta bari a waje. Tambayar aure a ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 ta nemi matsayin mutum a doka ne. A watan Fabrairu na 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke cewa auren Musulunci da aka ɗaura ba tare da cika sharuɗɗan dokar aure ta ƙasar ba, ba ya cikin abin da doka ke kira aure. Ke nan miji da mata da aka ɗaura musu aure da waliyyi da shaidu da sadaki, suka haifi 'ya'ya, idan ba su yi rajista ba, matsayinsu a wannan tambaya shi ne na waɗanda ba su taɓa aure ba. Haka kuma mace ta biyu ba ta da sunan matar aure a dokar Amurka ko ta Kanada, inda auren mace fiye da ɗaya laifi ne.

Wannan ya isa ya nuna cewa kalmar aure a rahoton ƙidaya suna ne na doka, ya yi tarayya da kalmar fiƙihu a lafazi ya saɓa mata a ma'ana. Ɗalibin da ya ɗauko ta daga rahoto ya dasa ta a bahasin fiƙihu ba tare da fayyacewa ba, ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba.

6.0 Yaran da ke cikin gidajen

Maganar ba ta ƙare a kan manya ba. Ƙidayar Kanada ta 2016 ta sami irin waɗannan ma'aurata da abokan zama 72,880, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na dukkan ma'auratan ƙasar, kuma kimanin ɗaya cikin takwas suna tare da yara, mafi yawansu a gidajen mata. Wasu yaran an haife su ne a wani aure da ya gabata, wasu an karɓe su riƙo, wasu an same su ta hanyoyin likitanci.

Waɗannan yara wajibi ne a ƙirga su. Alƙur'ani ya tabbatar a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma Umar (RA) ya yanka wa kowane jariri rabo daga baitulmali, ya ɗora ciyar da tsintaccen yaro a kansa. Yaron da ya faɗi daga lissafi ya faɗi daga kason makaranta da na rigakafi.

Abin dubawa shi ne sunan da ake ba dangantakarsu. Shari'a ta rarrabe tsakanin nasaba da shayarwa da riƙo, kowanne da hukuncinsa a gado da muharramaka, kuma ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzab sun hana jingina yaro ga wanda bai haife shi ba. Takardar Amurka tana rarrabe ɗan cikin mutum da ɗan riƙon da doka ta ba shi da agola, kuma wannan abin yabo ne. Amma tana auna kowa ne da mutum guda, wato wanda aka rubuta a matsayin maigida, don haka dangantakar yaro da ɗaya babban ba ta fitowa. Duk tsarin da ya narkar da waɗannan bambance-bambance cikin kalmar iyaye ya rage wa mai bincike sani, ko da wace aƙida yake bi.

7.0 Rufin asiri da amanar bayanai

Akwai tazara tsakanin rubuta tsarin gida, wanda maƙwabta ma suna gani, da tambayar mutum abin da ke cikin zuciyarsa. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma malaman hisba sun taƙaita aikin muhtasibi ga abin da ya bayyana. Tambayar da ke neman mutum ya bayyana sha'awarsa ga hukuma ta kusanci wannan iyaka, ko da an ce amsawa zaɓi ne, balle a gidan da mutum ɗaya ke cike wa kowa.

Tarihi ya nuna abin da rajista ke iya zama idan mulki ya sauya hannu. Cikakkiyar rajistar jama'a ta ƙasar Holan, wadda ta ƙunshi addini, ta sauƙaƙa wa 'yan Nazi farautar Yahudawa, aka hallaka kusan kashi uku cikin huɗu nasu. A Amurka an yi amfani da bayanan ƙidaya wajen tsare mutane 'yan asalin Japan kimanin 120,000 tun daga 1942. A 2004 ta bayyana cewa hukumar ƙidayar ta ba Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida alƙaluman unguwannin da Larabawa suka fi zama. Musulmi, waɗanda tsiraru ne a can, suna da dalilinsu na kansu na neman a tsaurara kiyaye asirin kowa.

A ƙasar da doka ta hukunta irin wannan aure, kamar Nijeriya inda dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14, tambayar za ta zama neman mutum ya ba da shaida a kan kansa. Ba za ta haifar da adadi abin dogaro ba, za ta dai zubar da amincewar jama'a ga ƙidayar baki ɗaya. Ƙasar da ta bar tambayar addini da ta ƙabila a ƙidayar 2006 ta riga ta san cewa ba kowane abu ake tambaya ba.

8.0 Kammalawa

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a wannan muhawara: hukuncin aiki, da labarin aukuwarsa, da sunan da ake kiransa da shi. Hukunci na Shari'a ne, kuma babu adadin da zai sauya shi, ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Labari amana ne, ba ya halatta a murɗe shi don kare wani matsayi, kuma jami'in da ya rubuta amsar mutane yadda suka ba shi ya sauke abin da aka ɗora masa. Suna kuwa shi ne fagen da ya cancanci sa idon malamai, domin ta nan dokar ƙasa ke shiga harshen jama'a a hankali.

Abin da ya rage ga ɗalibin ilimi shi ne ya yi wa kowane adadi tambayoyin da ake yi wa ruwaya: wa ya tattara shi, da wace tambaya, a ƙarƙashin wace doka, an gyara shi daga baya ko ba a gyara ba. Idan ya ambaci 901,997 ya bar 646,464, ya ruwaito abin da mai shi ya riga ya janye. Allah ne Mafi sani.